“Har kun tashi?”

Yau za mu fara da wani abin kunya da muka tafka, don kada ku ɗauka mu ’yan jami’a komai namu daidai yake.

A zangon karatun da ya wuce, mu ’yan wata ƙungiyar ɗalibai muka yi karo-karo, muka sayi sabulu da omo da man shafawa da sukari da ’yan atamfofi, muka ɗauki shatar bas muka nufi wani gidan gajiyayyu a cikin birnin Kano. Da hantsi muka isa. Tsofaffin suka fito suka zazzauna a inuwa, wasu a tabarma wasu a benci. Shugabanmu ya yi jawabi, sakatare ya yi nasa, aka yi addu’a, aka miƙa kaya. Sai ɗaukar hoto, wanda shi ya fi cin lokaci, domin kowa so yake a gan shi rungume da katan ɗin sabulu a gefen tsoho. Duka-duka ba mu cika awa ɗaya ba. Muna haramar shiga mota sai wani dattijo da ke can gefe, wanda tun zuwanmu bai ce uffan ba, ya ɗago kai ya ce, “’Yan samari, har kun tashi?”

Muka ce, “E, Baba, muna da lacca da azahar.”

Ya ce, “To, Allah Ya yi muku albarka. Ni na ɗauka za ku zauna.”

Mu kusan ashirin ne, amma babu wanda ya tambaye shi sunansa, balle garinsu ko sana’ar da ya yi a ƙuruciyarsa. Hotonsa dai yana cikin wayoyinmu.

A hanyar komawa motar ta yi tsit. Can sai wani abokinmu ɗan Kabo ya ce, “Alhamdu lillahi, mu a wajenmu ba mu san wannan ba. Wa zai ɗauki uwarsa ya kai gidan gajiyayyu?” Mu ’yan Gwarzo muka mara masa baya, kowa ya ji sanyi a ransa. Kuma gaskiya ya faɗa. Mun tashi ba mu ga gidan tsofaffi a garuruwanmu ba. Daga Getso zuwa Kutama, daga Garo zuwa Gude, tsoho a gidan ɗansa yake tsufa, ko na ’yarsa, ko na ɗan ɗan’uwansa, kuma wanda ya wofintar da iyayensa gari ne zai yi ta zunɗensa har ya mutu. Wannan abin alfahari ne, Allah Ya sa ya ɗore.

Sai dai da muka je hutu gida, tambayar dattijon nan ta hana mu sakat, har muka fara kallon gidajenmu da wani ido daban. Ku ma ku duba naku. A yawancin gidaje akwai wani ɗaki, wani lokaci can ƙurya, wani lokaci kusa da zaure, inda kaka take. Da safe ana leƙawa a ce “Iya, an tashi lafiya?” a ajiye mata koko da ƙosai. Da rana a kai fura, da dare a kai tuwo. Idan ba ta da lafiya a kira mai kemis ko a kai ta asibiti. Ba wanda zai ce an yi mata rowa. To amma ku lissafa: a cikin awa ashirin da huɗu, minti nawa wani ya zauna ya yi hira da ita? ’Ya’yanta maza wani yana Kano, wani yana Abuja, wani ya tafi ci-rani kudu sai Sallah. Matan gida aiki ya sha musu kai. Ku jikoki kuma da safe boko, da yamma Islamiyya, da dare aikin gida, in an samu sarari kuma a taru a kan wayar yaya ana kallon fim. Sa’o’inta da suka taso tare, waɗanda za ta ce “kin tuna?” su ce “ƙwarai kuwa”, ɗaya bayan ɗaya an kai su makwanci. Sai ka ga gida cike da mutum talatin, amma tsohuwa ita kaɗai da rediyonta da carbinta. Haka tsoho a dakalin ƙofar gida, kowa ya wuce ya ce “sannu Baba” bai ko rage tafiya ba.

Ba laifin mutum ɗaya ba ne. Iyayenmu suna ba da labarin yadda a da, bayan sallar isha’i, yara ke cika ɗakin kakarsu ana tatsuniya da kacici-kacici har barci ya kwashe su ɗaya-ɗaya. A lokacin ba wani abin da ke gogayya da ita. Yanzu kuwa tana gasa da waya da talabijin da jarrabawa, kuma kullum ita ake kayarwa.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan hali sun daɗe suna neman mafita. A Japan, inda fiye da mutum ɗaya cikin huɗu ya haura shekara 65, akwai wani gida da ake kira Kotoen a unguwar Edogawa ta birnin Tokiyo. Tun 1976 aka haɗe gidan tsofaffi da makarantar rainon yara a wuri guda, yara da tsofaffi su yi motsa jiki tare da safe, su yi wasa tare, su yi bukukuwa tare. A garin Deventer na ƙasar Holan kuma, wani gidan tsofaffi mai suna Humanitas yana ba ɗaliban jami’a ɗaki kyauta a cikin gidan, bisa sharaɗin kowane ɗalibi zai shafe awa 30 a wata tare da tsofaffin: hira, cin abinci tare, kallon ƙwallo, koya musu amfani da waya da kwamfuta. Mu da muka san wahalar neman ɗakin kwana a jami’a, da muka karanta wannan sai da muka yi dariya, muka ce ashe abin da muke tsallakewa kullum a ƙofar gida, wasu da kuɗin haya suke sayensa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 1990 ta ware 1 ga Oktoba a matsayin ranar tsofaffi ta duniya, kuma a nan gida Gwamnatin Tarayya tana da cibiyar kula da dattawa ta ƙasa da ta fara aiki a 2021. Duk da kyau. Amma cibiyar da ke Abuja ba za ta zo Lakwaya ta zauna a bakin gadon kakarka ba.

Abin da ya ja hankalinmu a waɗannan gidaje shi ne tsofaffin ba zaman karɓar sadaka suke yi ba. Suna da abin yi, akwai mai jiransu, akwai yaron da zai ce “nuna mini.” Sai muka ce bari mu gwada a gida.

Kakarmu ta wajen uba ta haura tamanin, ƙafa ta hana ta fita. Wata rana da la’asar muka shiga ɗakinta tare da ƙanwarmu ’yar aji uku na ƙaramar sakandare, muka zauna sosai, ba irin tsugunnon gaisuwa ba. Ta dube mu sama da ƙasa ta ce, “Kai mijin ƙarya, yau kuma me ya kawo ka? In kuɗi ne ba ni da su, kishiyar nan tawa ta kwashe.” Kun dai san wasan kaka da jika. Muka ce, “Iya, so muke ki koya mana kaɗi.” Ta ce, “Namiji da mazari? Lalle duniya ta zo ƙarshe.” Amma kafin mu rufe baki ta sa an jawo mata wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai mazari biyu da ɗan guntun alli a ƙunshe cikin tsumma. A cikin gidan muka tashi, amma ba mu taɓa sanin suna nan ba.

Washegari muka samo auduga wajen wani maƙwabci manomi. Tun daga farko ta ɗauko mana: yadda ake gurza auduga a kan magurji da ɗan ƙarfe a fitar da angurya, yadda ake shiɓe ta da baka har ta yi laushi kamar gajimare, yadda ake zuba ta a taskira, yadda ake shafa alli a yatsu don kada su yi santsi, sannan a murza mazari, hannu ɗaya yana sama yana sakin auduga a hankali. Ta ce zare mai kauri shi ne abawa, siririn kuma arafiya, kuma a zamaninsu da siririn zare ake gane macen da ta iya hannunta. Hannun nan nata da ke rawa in za ta ɗauki kofi, da ya kama mazari sai ya tsaya cak. Mu kuwa namu zaren tsinkewa yake yi duk bayan taƙi ɗaya, tana dariya har da hawaye. Ƙanwarmu ce ta fara kamawa, a rana ta uku.

A cikin kaɗin ne labari ya ɓalle. Ta gaya mana yadda ake aika zare kasuwa a sayar wa masaƙa, da yadda da kuɗin kaɗi ta tara wa gwaggonninmu kwanuka da tasoshi na kayan ɗaki, ba tare da ta jira kowa ba. Ta lissafa mana kuɗin da, anini da ɗari da kwabo da ahu da taro da sisi da sule da fam, ta ce da aka kawo naira sai da ta yi wata guda ba ta yarda ta karɓe ta daga hannun dillaliya ba. Ta ambaci sunayen ƙawayenta na ƙuruciya da waƙoƙin gaɗarsu, wasu ta rera, wasu ta ce ba na kunnen yara ba ne. Ba za mu ce mun warkar da ita ba, ciwon ƙafa yana nan inda yake. Amma matan gida sun shaida cewa a wannan makon ta riƙa cinye tuwonta, kuma ran da ƙanwarmu ta makara, ita da kanta ta aika yaro ya tambayo, “Ina ɗalibar tawa?”

Da muka koma makaranta muka ba wani malaminmu labari, sai ya tura mu ɗakin karatu mu nemo wani littafi. Nan muka ci karo da Baba mutuniyar Karo.

Wataƙila ba ku taɓa jin sunanta ba, alhali kusan ’yar gida ce. An haife ta wajen 1877, ta tashi a Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, wadda yau take cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, can bayan Karaye. Ba ’yar sarki ba ce, ba ta yi boko ba. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai dai ta riƙe ’ya’yan dangi. A ƙarshen rayuwarta tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau. A tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata matashiyar Baturiya mai suna Mary Smith, wadda ta biyo mijinta M. G. Smith da ya zo bincike a ƙasar Zazzau, ta riƙa zama da ita kullum na kimanin mako shida. Baba tana faɗa da Hausa, ita tana rubutawa da hannu. Ta ba ta labarin yadda ake kai hari ana kama mutane bayi, da yadda dangi ke tara kuɗin fansa, da zuwan Turawa waɗanda suka ci Kano a 1903, da aure da kishi da goyo da ƙawance da kaɗi da girki, duk yadda mace ta gan su daga cikin gida. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. Ya fito a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, daga baya aka fitar da shi da ainihin Hausar da ta yi magana da ita, da sunan Labarin Baba. Har gobe ana karanta shi a jami’o’in duniya, kuma da wuya ka ga wanda ya yi rubutu a kan rayuwar matan Hausawa a da bai ambace ta ba.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne wannan: a zamanin Baba, a Zarewa da Karaye da Gwarzo da Kabo, akwai tsofaffi ɗaruruwa da suka ga abin da ta gani, wasu ma ƙila sun fi ta iya labari. Ita kaɗai aka samu mai zama da biro a gabanta. Kuma ku lura, tsohuwa ce da ba ta da ɗa na cikinta, irin wadda a yau ta fi kowa zama cikin haɗarin a manta da ita a ƙuryar gida.

Ba Turawa kaɗai suka yi irin wannan aiki ba. Littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya na Jami’ar Bayero, waɗanda iyayenku da yawa suka karanta a firamare, daga bakin mutane aka tattaro abin da ke cikinsu. Kuma kada ku ce sai farfesa. A 1966, a wata makarantar sakandare da ke garin Rabun Gap a jihar Jojiya ta Amurka, ɗalibai sa’anninku da darasin Ingilishi ya gundura suka yanke shawarar kafa mujalla. Suka riƙa shiga ƙauyukan kan duwatsu da rakoda da littafi, suna tambayar tsofaffi yadda ake gina ɗakin katako, yadda ake sabulu, yadda ake saƙar kwando, da magungunan gargajiya da labaran da. Suka sa wa mujallar suna Foxfire. A 1972 aka tattara rubuce-rubucen aka yi littafi, ya yi kasuwa fiye da yadda kowa ya zata, har da kuɗinsa suka sayi fili suka kafa gidan tarihi. ’Yan ƙauye ne kamarmu, kuma kakanninsu suka tambaya.

To me zai hana ƙungiyar Hausa ta makarantarku, ko ƙungiyar ’yan jarida, ko ta wasan kwaikwayo, ta yi haka? Ba ya buƙatar kuɗi. Ku sami malamin Hausa ko na tarihi ku gaya masa. Ku kasu uku-uku ko huɗu-huɗu, mata su je wajen tsofaffi mata, maza wajen maza, kowane rukuni ya ɗauki tsoho ɗaya a unguwarsu, a tsayar da rana ɗaya a mako, ko da awa ɗaya ce bayan la’asar. ’Yan makarantar kwana su yi nasu a hutu, a dawo a haɗa. Ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya rubuta, in akwai wayar aro a naɗi murya.

Wajen tambaya ne mutane ke yin kuskure. In ka ce wa tsoho “Baba, ba mu tarihi,” zai ce maka shi bai san tarihi ba, ka je wajen dagaci ko liman. Amma ka tambaye shi abin da ya gani da idonsa, ka ga yadda zai gyara zama. Duk wanda ya kai shekara saba’in da ’yan kai ya ga ranar 2 ga Afrilu 1972, da aka yi canjin hannu motoci suka koma bin dama. Ya ga 1 ga Janairu 1973, da naira ta maye gurbin fam, aka ce fam ɗaya naira biyu ne, sule goma naira ɗaya. Ya ga farin 1973, ku tambaye shi me aka ci, ina aka kai shanu, wa ya tafi bai dawo ba. Ya san zamanin da gyaɗar ƙauyukanmu ke tafiya Kano ana dala da ita, ya kuma san cutar da ta lalata gyaɗar a 1975. Ya san yadda ake karɓar haraji da jangali, da abin da ake yi wa wanda bai biya ba, da irin murnar da aka yi lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979. Ya ga yadda aka bi gida-gida ana ɗibar yara zuwa makaranta da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, ƙila ma shi da kansa ya ɓoye ɗansa a rumbu. ’Yan Kabo su tambayi yadda wurin yake kafin a yi madatsar ruwa ta Guzuguzu. ’Yan Gwarzo su tambayi kwana nawa ake yi da jaki zuwa Kano kafin titin Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi ya zama abin da yake yau, da inda ake yada zango. Waɗannan shekarun suna cikin littattafanku na makaranta a matsayin layi ɗaya-ɗaya. Yadda suka faɗo a kan mutanen garinku kuwa ba ya cikin kowane littafi.

Kada kuma ya zama tambaya kaɗai, ya koma kamar ’yan ƙidaya sun zo. Ku nemi a koya muku abu da hannu. Saƙar faifai da tabarmar kaba, tufkar igiya, yadda ake dafa kalwa a yi daddawa, wasannin tashe da aka daina yi a unguwarku, carafke, langa, kirarin sana’o’i, sunayen itatuwa da ciyayi da amfaninsu. Ku ma ku koya musu naku: yadda za ta danna waya ta kira ɗanta da ke Legas ba sai ta jira wani ba, ko ku karanta wa wanda idonsa ya yi rauni jarida. Masu shirin WAEC da NECO kuma su sani, takardar Hausa tana da ɓangaren adabin baka da na al’adu, kuma ɗalibin da ya ji bayanin kalankuwa ko kuɗin shara ko matakan aure daga bakin wadda ta yi su ba zai tsaya hadda ba. Mun faɗi wannan ne don masu cewa ba su da lokaci.

Ba za mu ɓoye muku ba, abin yana da wuyarsa. Wani tsohon ba ya ji sai an ɗaga murya, kuma ɗaga murya daban, tsawa daban. Wani zai ba ku labari ɗaya sau uku a zama ɗaya, ku saurara kamar yau kuka fara ji, sau da yawa a na ukun ne wani sabon abu ke fitowa. Wani zai kore ku ranar farko, ya ce ’yan boko kun zo ku yi masa dariya. Ku gaishe shi ku tafi, ku dawo wani makon da ɗan goro. Ku fara neman izinin iyayenku da na masu gidan, ku yi sallama, ku cire takalmi, ku durƙusa, kada ku zauna a kujera shi yana tabarma. Wanda ba kakanku ba ne, ba abokin wasanku ba ne, Baba ne ko Malam ko Alhaji, Iya ce ko Inna ko Hajiya. In ta ce “wannan kada ku rubuta,” ku ajiye biro, domin a cikin labarin tsofaffi akwai sirrin gidajen mutane da ke raye. Batun waya kuma, don Allah. Mun ga yadda wasu ke ɗaukar tsohuwa tana magana ba haƙora su ɗora a TikTok ana sheƙa dariya. Wanda zai yi haka gara ya zauna a gida.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan nauyi, kuma ku yara ya fi shafa. A unguwanni da yawa akwai tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, ba ɗa ba jika, wani lokaci tana surutu ita kaɗai, ko ta fito ta rasa hanyar gida, ko ta kira ka da sunan wanda ya daɗe da mutuwa. Sai a fara raɗe-raɗin mayya ce, yara su riƙa gudu in sun gan ta, marasa kunya har da jifa. Likitoci sun bayyana cewa irin wannan ruɗewa ciwo ne da ke kama ƙwaƙwalwar wasu in sun tsufa, kamar yadda ciwo ke kama ido ko gwiwa, kuma yana iya samun kakar kowa. Masu irin wannan lalura sau da yawa sukan manta abin da suka ci da safe, amma waƙar da suka yi suna ’yan mata tana nan daram. In za ku zaɓi wadda za ku riƙa ziyarta, kada ku tsallake ta ku tafi gidan da jikoki suka cika. Ku je da babba, ku share mata ɗaki, ku ɗebo mata ruwa, ku zauna.

Sharaɗi ɗaya ne muke roƙo ku riƙe: kada ku fara in kun san sau ɗaya za ku je. Tsoho yana ƙirga kwanaki. In kun ce Asabar, tun Juma’a yake sa a share masa tabarma. Abin da kuka rubuta kuma ku mayar masa, ku karanta masa ya gyara, domin za ku yi mamakin yawan kuskurenku. In zango ya ƙare ku liƙa a allon sanarwa na makaranta, ko ku roƙi shugaban makaranta ranar taron iyaye da malamai a gayyato tsofaffin, a ba su kujerun gaba, su ga jikokinsu suna nuna abin da suka koya. Wanda ya fi kyau a cikin rubuce-rubucen ku aiko wa wannan fili, da yardar mai labarin.

Mu dai mun koma gidan gajiyayyun nan bayan wata biyu, mu huɗu kacal, ba bas, ba jawabi. Muka tarar da dattijon a inda muka bar shi. Da muka zauna muka tambaye shi, ashe tela ne, ya yi shekaru yana ɗinki a kasuwa kafin ido ya gaza, kuma ya ce a zamaninsa ba a cin sa a dara. Nan take muka haƙa gurabu talatin a ƙasa, biyar sau shida, muka karyo tsinke goma sha biyu, abokinmu ɗan Kabo ya tsinto duwatsu goma sha biyu. Kafin a jima wasu tsofaffi uku sun jawo benci sun kewaye mu, kowa yana ba da shawara, har biyu suka soma musu a kan wata dara da aka yi tun ba a haife mu ba. Da laluben hannu yake gane gurabun, amma sau uku a jere yana cinye abokin namu, ko tsinke huɗu bai rasa ba.

Da aka kira la’asar muka miƙe. Ya kakkaɓe hannunsa ya ce, “Asabar mai zuwa in za ku dawo, ku zo mini da wanda ya iya.”